Sawun Haƙoran Gwadabe a Jitar Babana

Duk wanda ya ɗauki jitata, kafin ya taɓa tsirkiya sai ya tambaye ni abin da ya sami kanta. A can sama, inda ake murɗa tsirkiyoyi, akwai sawun haƙora a jikin katakon, cizo biyu kusa da juna, kowanne da giɓi a gefen hagu. Wasu su ce ɓera ne. Ɓera ba shi da baki irin wannan. Haƙoran Baba Gwadabe ne, mai gyaran lasifika a kasuwar Black Market ta unguwar Adjamé a Abidjan, wadda kowa ke ce wa Bilak. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, don haka bari in ba da shi gaba ɗaya, har da wurin da ban kyauta ba.

Sunana Abdurrashid. A unguwar Treichville aka haife ni, a can na yi boko da Faransanci, a can kuma nake aikin rubuta takardun fiton kaya a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa. Aikin nan ne ya ɓata ni. Shekara da shekaru ina ganin kwali an rubuta masa abu ɗaya a waje, a buɗe a tarar da wani abu daban a ciki. Saboda haka ban yarda da kowa ba. Ko mai sayar da garba, abincin nan na garin rogo, ne ya ɗora min kifi, sai na juya shi na duba ɗaya gefen.

Jitar ta babana ce. Kuku ne shi a jirgin ruwa, kuma wani ma'aikacin jirgi ne ya bar masa ita tun kafin a haife ni. Duk ranar Lahadi bayan la'asar sai ya zauna a tsakar gidan hayarmu, mata na ta wanke-wanke a bakin famfo, ya kaɗa wani take na garinsu Damagaram wanda ya ɗauko daga gurmi ya ɗora wa jita. Take ɗaya ne tak ya iya da kyau, amma ya iya shi. Da ya rasu a 1991 babu wanda ya yi min gardama a kanta, don babu wanda ya ga amfaninta sai ni.

A 1997 ina kaɗa wa Tanti Rahamatu, zabiyar da Hausawan Treichville da Adjamé ke kira bukukuwansu. Ranar Alhamis ko Lahadi da rana za a tare titi, a kafa rumfar tamfol, a jera kujeru, a kunna sono, wato manyan lasifikun haya. Masu kalangu biyu ne a bayanta, sai ni. Matsalar ita ce ba a jin jitata ko kaɗan. Idan aka kara mata mikro irin na waƙa sai lasifika ta ɗauki wani ƙugi mai huda kunne, mata su toshe kunnuwa suna zagin mai sono. Wata Lahadi bayan an tashi, Tanti ta kira ni gefe tana cire 'yan kunnenta.

"Rashid, mon peti, yarona, ni fa ba don ado na ɗauke ka ba," in ji ta. "Mutane na ganin hannunka yana motsi, ba sa jin komai. Akwai babban biki a Avenue 16 nan da mako uku. Ko dai jitarka ta yi magana, ko in kira yaron nan mai piyano."

Hanya biyu ce a gabana. Akwai jitar da ake ƙerawa da nata mikro a ciki tun daga kamfani, sai dai ka soka waya kawai. Akwai kuma mikro da ake dasa wa tsohuwar jita daga baya, a shiga cikinta a manna, a fitar da wurin soka waya. Ta farko na nufin in rabu da jitar babana, don albashina ba zai sayi sabuwa ba sai na haɗa da ita. Ta biyu na nufin in miƙa ta ga wani ya sa mata ƙarfe, kuma ramin da aka huda a katako ba ya komawa.

Na fara da wani kanti a titin Rue 12. Mai kantin, wani mai yawan turare da yawan murmushi, ya sauko min da sabuwa fil tana ƙyalli. An yanke mata taga a haƙarƙari, an sa ɗan akwati mai maɓallai da batir. Ya soka ta a ampli, akwatin ƙara sauti, na kaɗa, kuma gaskiya ta yi ƙara tsaf babu ƙugi. Da ba ni da jitar babana da a ranar na ɗauke ta. Amma da na ce ya zare wayar na sake kaɗawa, sai na ji kamar ina buga kwali.

"Wannan d'orijin ne, patron, na asali, da garanti," in ji shi. "Injiniyoyi suka sa shi, ba masu like-liken kasuwa ba. Ka bar tsohuwar nan, mu daidaita."

"Idan akwatin ya lalace fa?"

"Ba ya lalacewa."

Ni kuwa duk wanda ya ce min abu ba ya lalacewa, daga nan na daina sauraronsa. Ga shi yana kushe tsohuwar da baki, amma hannunsa na ta shafa bayanta, har ya kai hanci ramin cikinta ya shinshina. Irin wannan kallon na san shi a tashar jirgi, kallon wanda ya ga kaya mai kyau ne yana fatan mai shi bai sani ba. Na karɓe abata na fita.

Tanti ce ta ce in je wurin Gwadabe. Na ce mata Bilak fa, inda ake cewa ka kai agogo gyara ya dawo da hanjin wani agogon? Ta ce in daina surutu in je, Gwadabe ba ya aiki a bayan mai kaya.

Abin da zan faɗa yanzu game da shi daga baya na tattara, yawanci daga bakin matarsa Hajo. Mutumin Madawa ne a ƙasar Nijar. A 1974, shekarar yunwa, ya sauka Abidjan a saman motar albasa, ba shi da komai sai rigar jikinsa da sunan wani ɗan garinsu da ya riga ya koma gida. Shekara huɗu yana tura amalanke a babbar kasuwar Adjamé, yau goro, gobe atamfa. Cikin masu ba shi dako akwai wani mutumin Gana mai gyaran rediyo. Gwadabe kan sauke masa kaya, maimakon ya tafi sai ya tsuguna yana kallo. Wata rana mutumin ya miƙa masa ƙarfen dalma don ya ga ko zai ƙone, bai ƙone ba, shi ke nan ya zama almajirin sana'a yana da shekara kusan talatin a duniya.

Lasifika ce ta zama abincinsa. Masallatan Adjamé da yawa shi ke riƙe da nasu, haka ma 'yan kamashon babbar tasha da ke ihun Bouaké, Korhogo, Wagadugu, Yamai da ƙananan lasifikun hannu. A shekarun farko, in ya gama gyara sai ya manna kunnensa a bakin lasifikar ya ƙure ƙara, wai don ya ji ko akwai sauran kwarkwasa. Dokarsa ɗaya ce, kuma ita ta yi masa suna: mai kaya zai zauna a benci a gabansa har a gama, kuma duk abin da aka ciro, ko guntun waya ne, za a ƙulle masa a takardar jarida ya tafi da abinsa.

Ranar Talata na je da tsakar rana, ana yayyafi. Kafin in fita daga gida na ɗiga jan farcen ƙanwata a can cikin jitar inda ido ba ya kaiwa, na kuma rubuta duk wani tabo da ke jikinta a takarda, kamar yadda muke yi wa kaya a ofis. Na tarar da shi a wata 'yar rumfar kwano a ƙarshen layi, ya ba hanya baya, yana like wani abu. Siriri ne, dogo, da furfura a gemu. Na yi sallama sau uku, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na ce a raina, to, girman kai ke nan tun ba a fara ba. Sai da na zagaya gabansa ya ɗago ya amsa da fara'a, na ga giɓi a haƙoransa na sama.

Abubuwa da yawa ba su kwanta min ba. Duk layin nan kowace rumfa da rediyonta ko kaset na tashi, tasa ce kaɗai shiru. Kuma ba ya kallon idona in ina magana, bakina yake kallo, kamar mai jiran in yi tuntuɓen harshe in faɗi abin da zai kama ni da shi. Ya karɓi jitar, ya kwantar da ita a cinya, ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan cikinta, ya ja tsirkiya ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Wagga ta san ruwan teku," in ji shi.

Wa ya gaya masa? Nan take mai kantin Rue 12 ya faɗo min a rai. Ban tsaya na lura cewa tsatsar gishiri ta ci ƙarafan kanta ba, abin da kowane mai ido zai gani.

Na gaya masa abin da ya kawo ni, har da sabuwar da aka nuna min. Ya yi dariya.

"Na kamfani ba shi da laihi, ɗan Treichville. Amma su wuri guda suka manna shi ga kowace jita, dubu ko dubu goma. Itace kuwa kowane da inda shika magana. Wagga ta tsuhwa, ta san abin da taka cewa. Nema za a yi har a samu wurin."

Ya jawo wani gwangwanin madara, ya zazzage, ya ɗauko wani ɗan faifan tagulla siriri da bai fi tsabar kuɗi girma ba. Ya ce daga cikin matacciyar wayar tarho ya ciro shi, shi ne ke jin motsin katako ya mai da shi sauti. Wato tarkacen tarho za a cusa wa jitar babana. Ya sunkuya yana mayar da kayan gwangwanin, na ce, "Ba dai huda ta za ka yi ba?" Shiru. Na ce a raina, ka ji, an zo wurin da ba ya son amsawa. Da ya ɗago na maimaita.

"Rami guda, nan ƙasa inda anka ɗaura maɗauri," in ji shi. "Ramin na nan tuni, buɗa shi za ni yi kaɗan. Bar ta kwana ukku."

"Kwana uku? Baba, an ce min ba ka aiki a bayan mai kaya."

"Wagga daban ta."

"Me ya bambanta ta?"

"Hayaniya ta yi yawa nan."

Mutumin da ke gyaran lasifikar masallaci a cikin wannan hayaniyar ne yake ce min hayaniya. Dokar da aka yabe shi da ita, a kaina za a fara karya ta. Na tsaya ina jujjuya abin, na tuna Avenue 16, na tuna mai piyano. Na bar ta, amma zuciyata ba ta bar wurin ba.

Washegari ban iya aiki ba. Da aka tashi cin abinci na shiga woro-woro, tasin haɗaka, na haye gada zuwa Adjamé. Na leƙa rumfar sama da ƙasa, babu jita.

"Tana gida," in ji Gwadabe, yana kallon bakina.

"Wane gida?"

"Gidana mana. Kwana ukku ba su cika ba tukuna, jibi ka zo."

A hanyar komawa sai da na biya ta Rue 12 na leƙa gilashin kantin nan, ko zan ga an rataye ta. Ban gan ta ba, amma wannan bai gamsar da ni ba, don wa zai rataye kayan sata a gilashi?

Ranar Juma'a bayan masallaci na tarar da ita naɗe a cikin zanen mace. Ya kwance, ya soka waya a ƙasanta, ya haɗa da wani tsohon ampli, ya miƙo min. Na kaɗa taken babana. Muryarta ce sak, ba a ƙara ba a rage ba, sai dai ta girma ta cika rumfar har mai sayar da batir na gefe ya leƙo. Gwadabe bai kalli ampli ba, ya dai ɗora hannu a kansa yana kallon fuskata. Na leƙa ciki na ga ɗigon jan farcena yana nan. Sannan ya miƙo min ƙullin takardar jarida, na buɗe na ga tsohon maɗaurin da garin katakon da ya fito daga ramin, ɗan kaɗan da bai cika cokalin shayi ba. Saura ƙiris in ji kunya a wurin.

A gida ne Innata, Delu, ta ɓata komai. Na jingine jitar a bakin ƙofa inda haske yake, ta zo wucewa da kwano ta tsaya cak.

"Rashid, mene ne wannan a kanta?"

Na duba. A rumfar akwai duhu, kuma hankalina na kan ramin ƙasa, ban dubi sama ba. Sawun haƙora ne, sun nutse cikin katakon da babana ya yi shekara ashirin yana gogewa da tsumma. Na ɗauko takardata, babu wannan tabon a ciki.

"Wannan cizon mutum ne," in ji Inna, ta sauke murya. "Ga giɓi nan. Kai ɗan boko ne, ba ka san makaɗa ba. A garinmu in wani na son kashe wa wani kasuwa, ba shi zai taɓa ba, abin kiɗansa zai ɗaure wa baki. Sai ranar taro ta yi, abu ya ƙi magana. Wa kake takara da shi?"

Na yi dariya na ce mata wannan zancen da ne. Amma ina dariyar ina tuna cewa mai piyanon nan a Adjamé yake zaune. Ina tuna kwana ukun, da gidan da ba a so in gani, da kallon baki. Da yamma na zauna gwaji, ban yi minti biyar ba tsirkiya ta uku ta tsinke ta tsarge ni a yatsa. Tsirkiya ce tsohuwa da aka yi ta sassautawa ana ɗaurewa kwana uku, dole ta tsinke. Wannan bayanin sai daga baya ya zo min. A lokacin Inna ta dube ni kawai, ni ma na dube ta.

Ranar Asabar da hantsi na isa Bilak, jitar a hannuna, raina a ɓace. Kasuwa ta cika. Dattawa biyu na wani masallaci na zaune a bencinsa suna jiran lasifikarsu, shi kuma ya juya wa hanya baya kamar kullum, yana like. Ban zagaya gabansa ba. Daga bayansa na tsaya na buɗe murya.

Ba zan maimaita duk abin da na faɗa ba. Na fara da Hausa, da ta ƙare min na koma Faransanci, na haɗa da Julanci. Na ce masa macuci, na ce masa matsafi, na ce ya faɗi wanda ya aiko shi ya ciji jitar marayu. Masu rumfuna suka fito, masu wucewa suka tsaya, aka kashe kaset biyu don a ji da kyau. Ina ta zuba, jijiyar wuyana a tashe, tsakanina da ƙeyarsa bai fi taku biyu ba.

Gwadabe bai juyo ba. Kafaɗarsa ma ba ta motsa ba. Hayaƙin dalma na tashi a hankali ta gefen kunnensa, yana ta aikinsa. Tun ina ɗauka raini ne har muryata ta fara sauka da kanta, don babu mai rainin da zai iya wannan. Na yi shiru, layin duka ya yi shiru. Sai ɗaya daga cikin dattawan nan ya dubi ɗan'uwansa ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Bawan Allahn nan fa ba ya ji."

Fuskokin dattawan ne suka sa ya waiwayo. Ya gan ni, ya washe baki har giɓin ya fito.

"A'a, ɗan Treichville! Yaya jita, ta yi?"

Sannan ya ga taron. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya dubi dattawan, ya dubi yatsana da ke kan sawun haƙoran. Na ga lokacin da ya gane, murmushin ya tafi. Ya ajiye ƙarfen dalman a mazauninsa a hankali. Wani mai gyara daga tsallaken layi ya yi 'yar dariya ya ce, "Mai gyaran sauti kurma, yako, sannu!" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Wata mata gajera mai kwanon abinci a ka ta ratso taron, ashe tun ɗazu tana tsaye. Ita ce Hajo. Ta sauke kwanon a gaban mijinta, ta juyo gare ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara shidda muna ruhe wanga abu, ɗana," in ji ta. "Kai ka buɗe shi da hantsi guda."

Dattawan sun jira ya gama, sun karɓi lasifikarsu da ƙullin takardarsu, sun yi godiya. Ba su sake dawowa ba.

An yi bikin Avenue 16. Jitar ta yi magana har ƙarshen titi, babu ƙugi, babu tsirkiyar da ta tsinke. Tanti Rahamatu ta wasa ni a cikin waƙa, ta kira sunan babana, Inna ta yi kuka a cikin mata. Ni kuwa ban ji daɗin komai ba, kaɗawa kawai nake yi.

Sai da na yi mako biyu bayan bikin kafin na iya zuwa gidansu, wani ɗaki ciki da falo a wani gidan haya a Adjamé. Lahadi ce bayan la'asar, na tafi da goro da jitar. Hajo ce ta ba ni labarin, shi yana zaune a tabarma yana kallon bakinmu. Kunnen hagu ya mutu tun bayan wani zazzaɓi, na dama ya bi shi sannu a hankali, ita dai lasifikun take zargi. Lasifika ba ta gagare shi ba, don yatsunsa na jin rawarta, allurar mita kuma na gaya masa saura. Jita ce ta fi ƙarfin yatsa. Da ya kawo ta gida sai ya gano cewa in ya ciji kanta ya ja tsirkiya, sautin na bi ta haƙori ya shiga kansa, yana jin sa kamar daga nesa. Haka ya yi kwana uku: ya sassauta tsirkiyoyi, ya zura hannu ya matsar da ɗan faifan, ya ɗaure, ya ciza, ya ƙwanƙwasa, ita kuma tana zaune gaban ampli tana ɗaga masa hannu in ya yi daɗi, tana kifewa in bai yi ba. Ta ce sun fi sau talatin.

"Na sa tsumma da hwarko," in ji Gwadabe. "Tsumma na kashe ta. Na so in gaya maka, amma in na gaya maka cizon sai na gaya maka dalili. Ka yi haƙuri da tabon."

Shi ne ke ba ni haƙuri. Na durƙusa a gabansa yadda zai ga bakina da kyau, na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, kuma na yarda, amma yafiyar ba ta mayar masa da masallatai ba. Kafin azumin shekarar duk sun koma tsallaken layi, 'yan tasha ma suka bi su. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga, yana cewa su ba ruwansu da kunne. A haka ya ƙarasa shekarunsa na Bilak, har 2004 da ya ɗauki Hajo suka koma Madawa. Duk makaɗin da na tura masa bai je ba, kowa ya riga ya ji labari, kuma daga bakina aka fara ji.

Amma a ranar nan ta Lahadi ban san duk wannan ba tukuna. Da Hajo ta kawo ruwa, ya nuna jitar da haɓa.

"Yaya ta yi wurin bikin?"

"Kowa ya ji ta, Baba. Har ƙarshen titi."

"Madalla," in ji shi. "Ni ƙwanƙwasa ɗai na yi mata. Ban ji ta hannun wanda ya iya ba."

Ya waiga yana neman tsumma. Na riƙe hannunsa, na matso kusa, na ɗora jitar a cinyata, na miƙa masa kanta haka nan babu komai. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya sa haƙora a gefen sawun farko, ya rufe ido, na fara taken babana. Na kaɗa shi tun daga farko har ƙarshe, na sake komawa, ina jin nauyin kansa a wuyan jitar. Can na ga yatsan ƙafarsa na bin kiɗan a kan tabarma, daidai, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa cizon ya zama biyu. Na biyun ya fi zurfi, don ya daɗe bai saki ba.